Shafin da ka biya kuɗinsa, da sunan wa aka yi masa rajista?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da aikin gina masa shafin intanet, ina so ya amsa wa kansa tambaya ɗaya. Adireshin shafin nan da aka buga a jikin leda da kwali da allon ƙofar shago, da sunan wa aka yi masa rajista, kuma imel ɗin wa aka sa? A cikin mutanen da nake hulɗa da su a Kano da Kaduna, masu makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da dillalan atamfa da masu otal, kaɗan ne ke da amsa. Mafi yawansu cewa suke yi, "Ai yaron da ya yi mana aikin shi ya san wannan." Wannan amsa tana tayar mini da hankali, domin abin da take nufi shi ne mutum ya biya kuɗin abu, ya tallata shi ga duniya da sunansa, amma makullinsa na aljihun wani, babu takarda, babu shaida.

Da wannan sana'ar nake ci, saboda haka ba daga waje nake jifa ba. Abin da na gani shi ne yadda muke ƙulla wannan ciniki a Arewa bai dace ba tun daga tushe. Mai kasuwa yana ɗaukar shafi a matsayin abin da ake biya sau ɗaya a wuce wurin. Mai gina shafi kuma yana ɗaukar riƙe rajista a hannunsa a matsayin hanyar kare kansa daga wanda ba zai cika masa kuɗi ba. Dukansu biyu suna cutuwa, amma mai kasuwa ya fi cutuwa, kuma sau da yawa bai ma san yana cikin haɗari ba sai ranar da abin ya faru.

Adireshin shafi ba a sayen sa. Hayarsa ake yi shekara-shekara, kamar rumfa a Kantin Kwari: wanda sunansa ke cikin kundin masu kasuwa shi ne mai rumfa, ko da wani ne ya zuba kaya ya yi fenti, kuma ranar da aka daina biyan haya za a ba wani. Adireshin da ya ƙare da .com, kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da babban kundinsa, dillalai irin su GoDaddy da Namecheap kuma su ke karɓar kuɗin, da dala, abin da ya haura dala 10 a shekara. Wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, ana kuma biyan sa da naira ta hannun dillalan gida. Waɗannan kamfanoni ba su san Alhaji ba, ba su ga rasit ɗin da yaro ya rubuta masa ba. Sunan da ke cikin rajista kawai suka sani, da imel ɗin da aka ba su. Ta wannan imel ɗin suke aika tunatarwa idan wa'adi ya kusa cika, ta nan kuma ake sauya kalmar sirri. Duk wanda ke da imel ɗin, shi ke da shafin.

Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi zai ɗauke, imel ɗin kamfani da ke rataye da adireshin shi ma ya ɗauke. A tsarin .com akan ɗan yi jinkiri na wasu makonni, sannan a shiga kwana 30 na fansa, inda kuɗin dawo da shi ke ninka na asali sau da yawa. Bayan nan a sake shi ga duk wanda ya riga kai hannu. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran adireshin da ya faɗi su cafke, su cika shi da tallar caca, ko su nemi mai shi na asali ya saya da tsada. Wannan ba sakacin ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ne. A ƙarshen 1999 kamfanin Microsoft da kansa ya manta bai biya kuɗin adireshin passport.com ba, masu amfani da imel ɗinsa na Hotmail suka kasa shiga akwatinsu, sai wani mutum can daban ya biya dala 35 daga aljihunsa abin ya dawo. Bambancin shi ne sunan Microsoft ke cikin rajistar, don haka ba a rasa komai ba.

Mu a nan yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Makaranta ta sanar da iyaye cewa sakamakon jarrabawar zango yana shafi, kowa ya shiga da lambar ɗansa. Da safe waya ta fara ruri a ofis. Shugaban makaranta ya buɗe shafin a wayarsa, sai ya ga farin fili da rubutun Turanci cewa wa'adin wannan adireshi ya ƙare, ga tallace-tallace a ƙasa. Ya ce wa akawu, "Kira mini yaron nan." A kira, layi a kashe. A tambayi wanda ya kawo shi, ya ce ai ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Legas ya sauya layi. Bayan kwana biyu a same shi, ya ce, "Wallahi Malam, imel ɗin da na yi rajistar da shi na daɗe da manta kalmar sirrinsa." A wannan lokacin sakamakon yara ɗaruruwa, da hotunansu, da lambobin iyayensu, duk suna cikin wata na'ura da babu wanda ya san ƙasar da take, balle yadda za a shiga. Yaron nan ba lallai mugu ba ne. Aikin ne aka ƙulla shi a kan mutum ɗaya, mutum kuwa yana tafiya, yana rashin lafiya, yana mutuwa.

Akwai kuma masu yi da gangan, kuma dole in faɗa wa 'yan'uwana masu sana'a gaskiya. Wasunmu suna sa sunansu a rajista ne don mai kasuwa kada ya iya zuwa wurin wani. Ranar da ya ce zai sauya ma'aikaci, sai a ce masa sai ya biya kaza kafin a sakar masa adireshinsa. Hujjar da suke kawowa na san ta, kuma ba ƙarya ba ce. Ɗan kasuwa zai ba da rabin kuɗi, a gama aiki, shafi ya hau, daga nan cikon ya zama "ka zo gobe", "Alhaji ya yi tafiya", har mutum ya gaji ya haƙura. Wanda aka yi wa haka sau biyu zai nemi abin da zai riƙe. Amma maganin wannan a rarraba biyan kuɗi ne, wani kaso kafin a fara, wani idan an nuna aiki, na ƙarshe ranar miƙa shi, kuma kada shafi ya hau sai an cika. Mai sana'a yana da haƙƙin riƙe aikin hannunsa har a biya shi. Ba shi da haƙƙin riƙe sunan kasuwancin wani, wanda mutumin ya yi shekaru yana gina shi, ya je hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya yi masa rajista. Wannan cin amana ne, ko da an saba da shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na kuɗin ciniki. Shafin da ke karɓar kuɗi yana bi ne ta kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave, kuma asusun da ake buɗewa a can ya kamata ya zama na kasuwancin, da takardunsa, da asusun bankinsa. Na ga inda mai gina shafi ya haɗa nasa asusun "kafin a gama takardu", kuɗin makaranta ko na kaya su riƙa sauka wurinsa yana tura wa mai su. Ko da mutumin kirki ne bai taɓa cin kwabo ba, bai kamata a yarda da wannan ba ko na kwana ɗaya.

To amma 'yan kasuwa su ma suna da nasu rabon laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Maganar da na fi ji a wannan sana'a ita ce, "Ai na biya ka." An gina shafi bara, bana an zo da maganar kuɗin shekara, sai a ga kamar damfara ce. Mutumin da ba ya musu idan aka kawo masa takardar kuɗin wuta, ko ranar juyen man janareta ta zo, shi ne zai ɗaure fuska ya ce me kuma ya lalace a shafin da za a biya.

Ga abin da ke lalacewa. Mafi yawan shafukan da ake gina wa ƙananan kamfanoni a kan WordPress ake ɗora su, manhajar da ta fito a 2003, wadda yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita. Ita kanta tana da ƙwari, amma ba ta aiki ita kaɗai. Ana liƙa mata ƙananan manhajoji, wannan na karɓar kuɗi, wannan na fom, wannan na jera hotunan kaya, kowace da wanda ya rubuta ta a wata ƙasa. A kai a kai ana gano ɓaraka a cikinsu, masu su su fitar da gyara, kuma sai wani ya shiga ya sabunta, ya duba ko sabuntawar ba ta karya wani abu ba. Shafin da aka bari shekara biyu ba a taɓa ba, ƙofofinsa a buɗe suke. Wata mai sayar da turaren wuta ta taɓa ce mini, "Ni wa zai yi wa kutse, me nake da shi?" Na ce mata, Hajiya, ba mutum ne ke zaune yana neman ki ba. Manhajoji ne ke yawo dare da rana suna gwada kowane shafi a duniya, ba su san turare ba, ba su san banki ba. Inda suka samu hanya sai su shiga, su dasa tallar magunguna ko caca, ko su riƙa aika saƙonnin damfara da sunanki, har Google ya sa wa shafin jan gargaɗi, mai son sayen kaya ya gani ya juya.

Haka batun ɗan makullin nan da aka saba gani kusa da adireshi, alamar cewa abin da mutum ya rubuta a shafin ba ya tafiya a fili. Takardar shaidar da ke ba da shi tana ƙarewa. Wadda cibiyar ba da irin wannan shaida ta Let's Encrypt ta saba bayarwa kyauta kwana 90 take yi, idan tsarin sabunta ta ya tsaya ba wanda ya lura, shafi zai fara korar baƙi da kansa. Tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke rubuta wa duk shafin da ba shi da wannan shaida cewa ba amintacce ba ne. Sai kuma ajiyar kwafin shafi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu masu shafukan kuma suka rasa komai har abada saboda kwafinsu ma a wurin yake. Wanda zai tabbatar ana ɗaukar kwafi, ana ajiye shi wani wuri daban, ana gwada ko yana dawowa, aiki yake yi, kuma ya cancanci a biya shi.

Ciniki na neman araha shi ke haifar da rabin wannan matsala. Idan an matse mai aiki ya karɓi abin da bai kai ba, ta wani wuri zai rage. Hanyar da aka fi bi ita ce a sauko da manhajojin kuɗi na sata, waɗanda aka fasa aka watsa kyauta. Da yawansu waɗanda suka fasa su sun riga sun dasa ƙofar baya a ciki, kuma ba sa karɓar sabuntawa. Shafi zai yi kyau ranar buɗewa, Alhaji ya nuna wa abokai a waya, amma tun ranar akwai baƙo a ciki. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Sannan ga dala. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Masaukin shafi, wato na'urar da ake haya don ajiye shi, da adireshin .com da lasisin manhajoji, yawancinsu da dala ake biya. A 2022 ma bankuna sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, masu sana'a suka koma neman katin dala ta bayan gida don kawai shafin wani kada ya faɗi. Wanda ya yi wa ɗan kasuwa alkawarin kuɗin shekara a 2022 ya tsinci kansa yana cikawa daga aljihunsa, da ya gaji sai ya daina ɗaga waya. Shafuka da yawa haka suka mutu shiru. Don haka nake ganin kuɗin kulawa ya zama a rubuce, a raba abin da ke tafiya waje da ladan mai aiki, kuma a yarda tun farko za a sake duba shi kowace shekara. Wanda kasuwarsa duk a Najeriya take, .com.ng ya ishe shi, kuma yana rage masa dogaro da dala.

Rubuta yarjejeniya shi ne abin da muka fi jin nauyinsa. Ɗan abokin Alhaji ne, ko ƙanin matarsa, ina za a ce ya sa hannu a takarda kamar ba a yarda da shi ba? Abin mamaki ne a ji wannan daga al'ummar da aya mafi tsawo a cikin Alƙur'aninta, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Takarda shafi ɗaya ta isa. Ta faɗi wa ke da adireshi, wa ke da asusun masauki, nawa ne kuɗin shekara da abin da ya ƙunsa, cikin kwana nawa za a amsa idan shafi ya ɗauke, da yadda za a miƙa komai ranar da aka rabu. Zumuncin da ake gudun ɓatawa da takarda, rashinta ne ke ɓata shi daga baya, kuma na ga gidajen da hakan ta shiga tsakaninsu.

Yanzu kuma doka ta shigo ciki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyin bayanan mutane a kan wanda ya tara su don amfaninsa, wato makarantar ko asibitin. Idan aka yi kutse da zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Tarar ƙananan masu tara bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manya kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Mai asibitin da bai san inda bayanan majinyatansa suke ba, bai san mutum nawa ke da kalmar sirri ba, ta yaya zai san an shiga, balle ya sanar cikin kwana uku? Ba zai je gaban hukuma ya ce yaron ne ya sani ba.

Zan ƙara da abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ji ba: 'yan kasuwa da yawa ba sa buƙatar shafi ko kaɗan. Mai sayar da leshi da ke ciniki ta WhatsApp da Instagram, ana turo mata kuɗi ta banki ko a cire ta POS, shafin da ba za ta iya kula da shi ba nauyi ne kawai. Mai gaskiya zai ce mata ta bari tukuna, ta sa shagonta a taswirar Google, ta gyara hotunanta. Sai dai tambayar nan ta biyo ta har can. Da lambar wa aka buɗe Instagram ɗin, wa ke da ikon shafin Facebook, ita ko yarinyar shagon da za ta yi aure ta tafi? Kuma dandalin ba nata ba ne. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. Kasuwancin da ya girma har ya zama yana da ma'aikata da masu saye daga wasu jihohi, ya kamata ya mallaki wuri ɗaya da ba wanda zai rufe masa da safe.

Ana horar da matasa da yawa yanzu, ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023, ga cibiyoyi masu zaman kansu a kusan kowane babban gari. Abu ne mai kyau, kuma ina murna da shi. Amma ana koya musu yadda za su gina, ba a cika koya musu yadda za su miƙa ba. Yaro zai fito ya iya tsara shafi mai kyau, bai taɓa ganin takardar yarjejeniya ba, bai san yadda zai yanke kuɗin kulawa ba, ba a kuma faɗa masa cewa sa sunansa a rajistar wani kuskure ne ba. Ina roƙon masu koyarwa su ware wa wannan lokaci na musamman. Ranar miƙa aiki, mai kasuwa ya zauna da wayarsa, ya shiga asusun rajista da imel ɗin kamfaninsa, ya sauya kalmar sirri da hannunsa, sannan ya buɗe wa mai aiki nasa izinin daban wanda zai iya janyewa. Bayan haka ya cika kuɗi nan take, ba gobe ba.

Wanda kuma ya riga ya yi shafi, kada ya jira sai an yi faɗa. Yau da ake ɗasawa ya kira mai aikin ya ce a mayar da rajista sunan kamfani. Abu ne mai sauƙi: ko a sauya bayanan mai mallaka a inda yake, ko a karɓi lambar sirrin ƙaura a mayar da shi sabon asusu, cikin 'yan kwanaki an gama. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, in ma akwai cikon kuɗinsa a biya shi a wuce wurin. Idan aka bari sai rigima ta ɓarke, NiRA tana da tsarin sasanta rikici kan adireshin .ng, wanda ko ba komai a gida yake. Na .com kuwa sai an shigar da ƙara a wurare irin su hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Geneva, inda kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 1,500 ne, ban da lauya, kuma sai mutum ya tabbatar yana da haƙƙi a kan sunan kafin a saurare shi.